Gyaran Bakin Garmar Shanu

Karatunmu na yau a kan garmar shanu ne, da yadda za mu gyara bakinta idan ya cinye.

Mu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun manoma ne. Da damina muna noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. Da rani kuma muna noma shinkafa da dankali da kayan lambu a gonakin Bakolori. Da yawa daga cikinmu da shanu muke huɗa. Wanda ba shi da nasa shanun yakan biya a yi masa. Saboda haka zancen garma ya shafi kowa, mai shanu da marar shanu.

Ruwan shuka yakan sauka a ƙasarmu a watan Mayu ko Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kwanakin ba su da yawa. Manomin da garmarsa ta tsaya mako guda a tsakiyar aiki ya yi hasarar da ba zai iya mayarwa ba a wannan shekara. Ciyawa ba ta jiran kowa. Shi ya sa magabata suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ina garmar nan ta zo?

Kakanninmu da garmar hannu suka yi huɗa, da hauya suka yi noma. A shekarar 1928 ne Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Nijeriya ta Arewa noma da shanu. Da mutane kaɗan aka fara, sa'an nan abin ya yi ta yaɗuwa. Garmar da ta fi shahara ita ce wadda ake kira Emcot, mai fuka-fuki biyu, mai zuba ƙasa dama da hagu. Da fari daga Ingila ake kawo ta. Yanzu kuwa maƙeranmu da masu walda suna ƙera irinta a nan gida. Wannan alheri ne babba, domin abin da aka ƙera a gida, a gida ake gyara shi.

Sassan garma

Kafin mu gyara abu, sai mun san sassansa. Ga su nan:

1. Baki. Shi ne ƙarfe mai tsini da ke gaba, wanda ke tsaga ƙasa.
2. Fuka-fuki. Su ne faffaɗan ƙarafa biyu da ke ɗaga ƙasa su zuba ta gefe, ta zama kunya.
3. Jiki. Shi ne ƙarfen da aka ɗaure baki da fuka-fuki a kansa.
4. Dunduniya. Ita ce ƙarfen da ke ƙasa daga baya, mai gogar kwari, mai hana garma tangaɗi.
5. Taya. Tana gaba, ita ke tsare zurfin huɗa.
6. Dogon ƙarfe. Shi ya haɗa jiki da taya da wurin rataya sarƙa.
7. Mariƙi. Nan mai huɗa ke riƙewa.

A cikinsu duka baki ya fi shan wahala, don shi ke fara karo da ƙasa. An yi shi dabam, an ɗaure shi da noti, domin in ya cinye a kwance shi a sa wani. Watau an yi shi ne ya cinye a madadin jikin garma. Baki yana da araha, jiki yana da tsada. Mu riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Me ke cinye ƙarfe?

Wani zai ce, yaya ƙasa mai taushi za ta ci ƙarfe mai tauri? To, mu duba abin da matanmu ke yi. Idan tukunyar ƙarfe ta yi baƙi, da yashi suke goge ta har ta yi ƙyalli. Mu ma idan wuƙa ta dakushe, a kan dutse muke wasa ta. Ƙwayar yashi ɗan ƙaramin dutse ne, ta kuwa fi ƙarfen garma tauri. Kowace ƙwaya in ta wuce sai ta kankare ɗan abin da ido ba ya gani. Daga safe har hantsi, yau da gobe, sai baki ya ƙare.

Don haka ne garmar da ke aiki a jigawa ta fi saurin cinyewa bisa wadda ke aiki a ƙasar laka. Haka kuma busasshiyar ƙasa ta fi ƙasa mai laima cin ƙarfe. Wanda ya matsa wa shanunsa su yi huɗa ƙasa ba ta jiƙu ba, ya wahalar da shanu, ya kuma kashe bakin garma.

Yadda za mu gane baki ya cinye

Garma ba ta magana, amma tana nuna alama. Ga alamu biyar:

Ta fari, tsinin baki ya dakushe, ya yi mulmul kamar babban yatsa.

Ta biyu, garma ta ƙi shiga ƙasa. Tana ta tasowa sama, sai mai huɗa ya riƙa ɗaga mariƙi don bakin ya nutse. Kafin hantsi kafaɗunsa sun yi ciwo.

Ta uku, shanu suna gajiya da wuri. Suna haki, suna tsayawa, wani ma ya kwanta. Sau da yawa sai mu ɗauki sanda mu ce sa ya yi ƙiwuya, alhali kuwa laifin na ƙarfe ne. Dakusasshiyar wuƙa ko a hannun mahauci wahala ce.

Ta huɗu, kunya ba ta tashi sosai, ciyawa kuma ba ta rufuwa. Bayan kwana kaɗan sai ta sake ɗago kai.

Ta biyar, cin ya matso kusa da ramin noti. In ya kai nan, a tsai da aiki. In aka ci gaba, yashi zai kama jikin garma, kuma abin da kuɗi kaɗan zai gyara sai ya ci kuɗi mai yawa.

Akwai gwaji mai sauƙi. Mu ajiye garma a kan daɓe mai lebur, ko kan katako miƙaƙƙe. Mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashinta. In baki yana da kyau, za mu ga tsininsa ya taɓa ƙasa, dunduniya ta taɓa ƙasa, a tsakaninsu kuwa akwai ɗan sarari kamar kaurin yatsa. Wannan ɗan sunkuyawa da tsini ya yi shi ke sa garma ta ja kanta cikin ƙasa. In muka ga babu sararin nan, ko tsini ya ɗaga sama, to baki ya cinye.

Kwance tsohon baki

Da fari mu kankare ƙasar da ta manne, mu wanke garma, mu bar ta ta bushe.

Notin garma yakan yi tsatsa ya ƙi juyawa. Kada mu yi masa ƙarfi. Mu ɗiga masa kananzir ko baƙin mai da yamma, mu bar shi ya kwana. Da safe mu ɗan bubbuga shi da guduma, sa'an nan mu sa sufana. Lalle sufanar ta zama daidai da notin. In ta yi masa girma za ta cinye kusurwoyinsa, daga nan ba sufanar da za ta kama shi kuma. Noti yana kwancewa ne ta hagu, yana ɗauruwa ta dama.

In duk da haka ya ƙi, mu kai wa maƙeri. Zai gasa notin da wuta. Ƙarfe in ya ji zafi yakan buɗe kaɗan, tsatsa ta sake shi. In ya gagara, sai ya sare shi, mu sayi sabo.

Mu zuba notunan da muka kwance a cikin gwangwani. Noti ɗaya in ya faɗa cikin rairayi, yini guda ba ya isa nemansa.

Hanyoyi uku na gyara

Hanya ta fari ita ce a buɗa bakin a maƙera. Wannan ita ce ta dace in cin bai yi yawa ba, watau akwai sauran nama a ƙarfen. Maƙeri zai sa gefen da ya dakushe a wuta, ya yi zuga har ya yi ja. Sa'an nan ya ɗauko shi da awartaki, ya aza a kan uwar maƙera, ya riƙa dukansa da masaba, yana jawo ƙarfen gaba har tsini ya dawo. Kaɗan kaɗan ake yi, ana mayarwa wuta, don da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. In aka doke shi ya huce sai ya tsage. In kuma aka bar shi a wuta har ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone ke nan. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya domin wutarsa tana da ƙarfi, tana kuma daɗewa. Mu tuna wa maƙeri kada wuta ta kai ramukan noti, don kada su karkace. Mu kuma tuna masa ya ɗan sunkuyar da tsinin ƙasa.

Amma a lura. Ba kowane baki ne ke buɗuwa ba. Akwai na ƙarfen zubi, wanda aka narka aka zuba a mazubi. Shi ba ya tanƙwaruwa, fashewa yake yi kamar kasko. Ga yadda za mu bambanta su: mu rataya bakin da igiya, mu ƙwanƙwasa shi da ƙarfe. Na ƙira yakan yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Na zubi kuwa ƙararsa gajera ce. In na zubi ne ya cinye, sai dai sabo.

Hanya ta biyu ita ce a yi masa ƙari wurin mai walda. Wannan ta dace in tsini ya tafi sarai, amma wajen ramukan noti yana nan da kaurinsa. Ana yanko guntun sifirin na tsohuwar mota, a fiƙe shi, a liƙa a gaba. Ƙarfen sifirin yana da tauri, yana jimre wa yashi. Amma yana da hali guda: in aka yi masa walda da sanyinsa, ko aka watsa masa ruwa da zafinsa, yakan tsage a gefen waldar. Mai walda na kirki yakan ɗumama shi tukuna. In ya gama kuma sai ya binne shi cikin toka ko busasshen yashi, ya huce a hankali.

Hanya ta uku ita ce a sayi sabo. In baki ya yi sirara kamar faranti, ko ya tsage, ko cin ya kai ramin noti, kada mu ɓata kuɗi wajen gyara. Ranar Talata in za mu kasuwar Mafara, mu tafi da tsohon bakin a hannu. Mu aza shi a kan sabon, mu ga ramukan sun yi daidai. Garma ba duka ɗaya ba ce, musamman da yake masu ƙera ta suna da yawa. Mu duba kaurin ƙarfen kuma. Wani bakin da farantin ƙarfe mai taushi aka yi shi, an shafa masa fenti yana ƙyalli. Yana da araha, amma ba ya kai ƙarshen damina. Araha ba ta ado.

Ba ƙarfe ruwa

Bayan an buɗa baki, saura a mai da masa taurinsa, domin wuta ta sa ya yi laushi. Maƙeri zai sake gasa gefen har ya yi ja, sa'an nan ya tsoma shi. Ƙarfen sifirin a mai ya fi so a tsoma shi, don ruwan sanyi yana iya tsaga shi. Bayan haka sai a ɗan ɗumama shi kaɗan, a bar shi ya huce. In ba a yi wannan ɗumamawa ba, zai yi tauri fiye da kima, ran da ya ci karo da dutse ko kututture sai ya ɓalle.

Za mu iya gwada aikin da kanmu. Mu goga magagari a gefen bakin. In magagari ya ci shi da sauƙi kamar yana cin itace, bakin ya yi taushi, yashi zai cinye shi da wuri. In magagari yana zamewa, yana kamawa da ƙyar, to ya yi.

Ba laifi ba ne mu yi tambaya a maƙera, in dai da ladabi. Sai mu ce, "Sannu da aiki, Sarkin Maƙera. Ga bakin garmata. Zai buɗu, ko in nemi sabo?" Shi kuwa zai juya shi a hannu ya ce, "Wannan zai yi damina guda, Malam. Baɗi ka zo da kuɗin sabo." Mai sana'a ya fi son wanda ya san abin da ya kawo.

Mayar da baki

Mu goge tsatsar da ke jikin garma inda baki zai zauna, don ya kwanta sosai. Mu shafa ɗan mai a zaren kowane noti, domin baɗi ya kwance ba wahala.

Ƙusar da ake ɗaure bakin garma da ita mai shafaffen kai ce, kan yana nutsewa cikin raminsa, ƙasa ta zame ta wuce. In muka sa mai tudun kai, ƙasa da ciyawa za su riƙa maƙalewa a nan, yashi kuma ya cinye kan, baki ya faɗi a tsakiyar gona. Kada kuma mu ɗaure da waya a maimakon noti. Baki mai girgiza yana faɗaɗa ramukan jiki.

Mu ɗaura notunan duka sako-sako tukuna. In mun ga baki ya zauna daidai, tsininsa yana kallon gaba sosai, sa'an nan mu ƙara ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Ran da muka fara huɗa, in mun yi kunya kaɗan sai mu tsaya mu sake ɗaure su, don sukan saki.

Tun da garma tana kwance, mu duba sauran sassa. In dunduniya ta cinye, a sake ta. In fiffike ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, kunya za ta karkace. In taya tana lilo, ƙarfen da take juyawa a kansa ya cinye, a sa sabo. Ga wani abin mamaki: kada mu cika wa tayar garma man giris. Taya cikin ƙasa take tafiya. Yashi in ya haɗu da giris sai ya zama kamar dutsen washi, ya ci ƙarfen fiye da dā.

Tsare lafiya

Kada mu kalli wutar walda da ido, kada kuma mu bar yara su tsaya kallo. Tana ƙona ido, ciwon kuwa sai cikin dare yake tashi. Ƙarfe yana iya komawa baƙi alhali da sauran zafinsa, kada mu ɗauka da hannu. Mai yana kama wuta, a tsoma ƙarfe nesa da danni da rumbu. In ƙarfe ya yanke mu, mu wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, mu je asibiti. Ƙwayar cutar sandarewar jiki tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta rauni take shiga, akwai kuwa allurar rigakafinta.

Yadda baki zai daɗe

Kullum in mun tashi aiki, mu kankare ƙasar da ke jikin garma da itace. Kada mu ja garma a kan hanya da bakinta a ƙasa. Hanya ta fi gona cin ƙarfe. Mu aza ta a amalanke. Mu tone kututture da manyan duwatsu daga gona tun da rani. In an gama aikin shekara, mu wanke ta, mu shafe baki da fuka-fuki da baƙin mai, mu ajiye ta a inuwa a kan itace, inda ruwa da fitsarin dabbobi ba za su same ta ba.

Lokacin gyara shi ne watan Maris ko Afrilu. Sa'an nan maƙeri ba shi da cunkoso, zai yi aiki a natse. In ruwa ya sauka, kowa zai sheƙo maƙera da tasa garmar. Mai hali ya sayi baki biyu, ya ajiye ɗaya. Mu kuma rubuta a littafi ranar da muka sa sabon baki, da kuɗinsa, da wurin wanda muka saya. Baɗi littafin zai gaya mana wane baki ne ya fi daɗewa.

Darasi daga Bakolori

Wannan magana ba ta tsaya kan garma kaɗai ba. Ga misali a ƙofar gidanmu. A shekarar 1978 aka gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Maradun. An shirya ta shayar da gonaki hekta 23,000. Daga ciki, hekta 15,000 da injin feshi za a ba su ruwa, hekta 8,000 kuma ta hanyar magudanai. Da shekaru suka wuce, injunan feshin suka lalace, gonaki masu yawa suka koma jiran ruwan sama. Magudanai kuma suka cika da laka da ciyawa. Sai a shekarar 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen wani shiri na gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, har da Bakolori. Gyaran da aka jinkirta ya fi tsada, ko a madatsar ruwa ko a bakin garma.

Haka abin yake ga injin ban ruwa, da injin casar shinkafa, da ƙaramin tarakta da ake bi a baya da ƙafa. Kowannensu yana da sashen da aka yi don ya cinye, kamar wuƙaƙen da ke kaftar ƙasa, da bel, da matatar iska. In muka sake ƙaramin sashe a kan kari, babban zai tsira.

To, jama'a, yau in mun koma gida, kowa ya jawo garmarsa ya aza ta a kan daɓe, ya leƙa ƙarƙashinta. Wanda ba shi da garma ya gaya wa mai yi masa huɗa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara koyar da noma da shanu a Nijeriya ta Arewa?
2. Don me aka yi bakin garma dabam da jikinta?
3. Faɗi alamu uku da ke nuna baki ya cinye.
4. Yaya za mu bambanta bakin ƙira da na zubi?
5. Don me za mu tafi kasuwa da tsohon baki?
6. A wane wata ya kamata mu gyara garma?
7. Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: garma, baki, noti, maƙeri, tsatsa, kunya.